Idon Dare a Gonar Abu Nayif

Jakar tana nan inda aka bar ta, a kan kanta cikin majalisa, wato ɗakin baƙin maigida, zif ɗinta a rufe kamar ba abin da ya faru. Sai da Abu Nayif ya ɗaga ta ya ji ba nauyi, sannan ya buɗe. Ramin soson da na'urar ke kwanciya a ciki wayam.

"Ya Saidou!"

Saidou na bakin famfo yana fama da tiyo, ya yar ya taho da gudu. Mutumin Maraɗi ne, shi ne shugaban ma'aikata a wannan gona da ke bayan Dir'iyya, gefen Wadi Hanifa, a ƙasar Saudiyya. Gonar ba wata babba ba ce: dabino, 'yan tumaki, sai kaji da tantabaru da maigidan ke ji da su kamar 'ya'yan cikinsa.

Abin da ya ɓata, ma'aikata "idon dare" suke ce masa. Wata baƙar na'ura ce da ake maƙalawa a gaban madubin hangen nesa na bindiga. Akwai zobe da ke ɗaure a bakin madubin, a tura ta ciki a danne wani ɗan kunne, shi ke nan, duhu ya koma kamar safiya mai hazo. Ba sai an cire madubin ba, ba sai an sake saiti ba. Abu Nayif ya saye ta ne saboda yanyawa, waɗanda suka mai da akurkinsa mahauta. Ya yi tafiya ta 'yan makonni, ya dawo yau Alhamis da hantsi, tun kafin lokacin da ake zatonsa, kuma abin da ya fara nema ke nan.

"Bindiga na nan?" in ji Saidou da Larabcinsa na gona.

"Tana cikin akwatin ƙarfe, a kulle. Madubi na nan, zobe na nan. Na'urar ce babu."

Saidou ya leƙa jakar. Takardu na nan, ƙyallen goge gilashi na nan, zobe na biyu ma na nan cikin ledarsa. Amma akwai wani ƙaramin rami a gefe da shi ma ya zama fanko.

"Me ke zama a nan?"

"Ɗan gilashin da ake ɗaura mata a baya, in mutum na so ya duba da hannu ba tare da bindiga ba. Ban taɓa amfani da shi ba."

A jikin bango caja na maƙale, da batiri ɗaya a ciki, fitilarta ja. Saidou ya gani, amma Abu Nayif ya riga ya sa an kira Laouali direba. Laouali ne ke riƙe masa jaka in za a fita yanyawa, shi ya san yadda ake ɗaurawa da cirewa. Maigidan ya karɓe makullin mota da katin iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, ya jefa a aljihu.

"Kayan bindiga ne wannan, ba agogo ba," in ji shi. "In ya faɗa hannun banza, ni za a tambaya. Saidou, mutanenka ne. Na ba ka zuwa isha'i. In babu, zan kai wannan wurin shurɗa, su su tambaye shi. Halas."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Baƙon da ya shiga hannun 'yan sanda da zargin satar kayan bindiga, in ya yi sa'a ne a sa shi a jirgi. Laouali kuwa yara uku gare shi a gida, ga tsohuwa.

Saidou ya fara da shi, a ƙofar ɗakinsa, gaban kowa, don maigida na kallo ta taga.

"Juma'ar da ta wuce ka je Manfuha da jaka."

"Na je."

"Me ke ciki?"

"Sabulu, atamfa, dabino. Saƙon tsohuwata ne, wani ɗan Tasawa zai tahi gida na kai mishi."

"Wa ya ga kayan?"

"Kai ka ba ni dabinon, Saidou."

Gaskiya ne, kuma ta soke shi. Duk da haka ya jawo akwatin Laouali waje ya zazzage a ƙasa. Gajerun wanduna suka watse, hoton matarsa ya faɗa cikin yashi, kwalbar maganin basir ta mirgina har gaban ƙafar Rabilu kuku. Rabilu ya kau da kai. Laouali ya durƙusa yana tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, yana hure hoton.

Daga nan aka shiga kicin, aka buɗe buhunan shinkafa, aka leƙa bayan firji. Saidou ya shiga nasa ɗakin ya ɗaga katifa da kansa don a shaida. Babu.

"Ka gama?" in ji Laouali.

"Na gama."

"Ɗakuna huɗu ne a gonar nan. Uku ka shiga."

"Kama bakinka."

"Ni ban ce shi ne ba. Ƙirga na yi kawai."

Ɗaki na huɗu yana bakin ƙofar gona, na maigadi ne, kuma maigadin surukin Saidou ne, mahaifin matarsa Aïchatou. Saidou ne ya nemo masa biza bayan fari ya cinye masa garke. Kowa Baba yake ce masa, ban da Abu Nayif da ke kiransa haris, wato maigadi. Tun da Saidou ya auri 'yarsa bai taɓa faɗin sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Haka aka yi masa tarbiyya, kuma yana alfahari da ita. In sun haɗu a hanya sai ya rusuna, ido a ƙasa, har ya zamana ya fi sanin fararen takalman robar tsohon a kan fuskarsa. Yanzu a ce ya shiga ɗakin wannan mutum ya ɗaga masa katifa? Ai gara ƙasa ta tsage. Ya je dai ya tsaya daga waje.

"Baba, barka da hutawa. Ko an ga wani baƙo ya shigo kwanan nan?"

"Babu, ɗana," aka amsa daga ciki.

Iyakar tambayar da ya yi masa ke nan, ya juya yana jin kamar ya sauke kaya.

Bayan azahar ya koma majalisa. Fitilar cajar ta koma kore.

"Ya Abu Nayif, batirin nan yana daɗewa kafin ya cika?"

"'Yan awoyi. Me ya faru?"

"Ɗazu ja ne. Kai kuma ka yi makonni ba ka nan. Ke nan yau da safe aka sa shi. Laouali kuwa tun shekaranjiya yana gidanka na Al-Shifa yana kai yara makaranta, daga can ya ɗauko ka filin jirgi."

Abu Nayif ya shafa gemu. "To yana da abokin sata. Ka kawo mini na'ura, ko ka kawo mini suna."

Saidou ya sami Rabilu a kicin yana yanka albasa. Rabilu ɗan Fagge ne, ɗan birni, bakinsa ba ya gajiya.

"Wa ke shiga majalisa in maigida ba ya nan?"

"Ni, in yi shara. Sai Baba da asuba, ya kashe fitilun waje, ai makunninsu na ciki."

"Ka taɓa cajar can?"

"Ni da ko wayata sai na roƙi Laouali ya gyara mini? Haba Malam Saidou. Ka duba ni da kyau, me zan yi da ganin dare? Ni da ake sallame isha'i na zama gawa."

Wannan ma gaskiya ne, munsharinsa har ɗakin Saidou yake zuwa. Idonsa ya kai kan kwandon ƙwai, cike har ya yi tozo.

"Ƙwai ya yi yawa."

"To ba dole ba? Tun da maigida ya yi tafiya ko kaza ɗaya yanyawa ba ta ɗauka ba. Da kuwa kullum sai na share gashi da jini. Na ce ko su ma hutu suka tafi."

Saidou ya tsaya. Shi kansa ya lura an daina asara, ya ce alhamdu lillahi ya wuce, bai tambayi dalili ba. Mai bindiga ba ya nan, ba a yi harbi ko ɗaya ba, amma kaji sun zauna lafiya.

Rabilu ya jawo faranti, ya ware hantar ragon da aka yanka don dawowar maigida, ya rufe ta da wani farantin.

"Wannan fa?"

"Ta Baba ce. Tun bara, duk ragon da aka yanka sai ya roƙe ni hanta. Ka ga yadda yake ci kuwa? Sai ya gasa, ya tara fuskarsa a kan tururin, ido a buɗe, har hawaye su zubo, sannan ya ci. Na ɗauka wata addu'a ce ta mutanenku."

Nan take Saidou ya gane. Ba addu'a ba ce. A ƙauyensu, in rani ya yi tsawo, ya sha ganin mata masu ciki da tsofaffi suna yin haka. Maganin dundumi ne, ciwon da mutum ke gani garau da rana, amma da zarar rana ta faɗi sai a jawo shi da sanda. Rabilu ɗan birni bai san wannan ba. Shi da ya sani kuma bai taɓa zama inda surukinsa ke cin abinci ba.

Ya fita ya nufi akurki. Akwai wata igiya da ta taso daga ƙofar ɗakin gadi, ta bi jikin itatuwan dabino har bakin akurkin. Ya daɗe yana ganinta, ya ɗauka ta shanya ce. Yau ya lura iyakarta ƙugu, kuma ta yi baƙi da santsi saboda shafar hannu. A ƙarshenta ga tarin duwatsu masu kyau, zaɓaɓɓu, ga majajjawa rataye a ƙusa. Bayan waya kuma sawun yanyawa ne sababbi: sun taho a natse, sun kusa isa, sai suka watse da tsalle.

Ya zauna a gindin dabino ya riƙe kai. An bar jaki ana dukan taiki, kuma shi ne mai sandar. Duk da haka zuciyarsa ta ƙi. Hanta da igiya ba shaida ba ne, bai kuma iya tsayawa gaban mahaifin matarsa ya ce masa "kai makaho ne" a kan zato. Sai ya gani da idonsa. Dabarar da ta zo masa kuwa, shi kansa ya ji ƙyamarta.

Suna da ɗan daɓe da rumfa inda suke salla. Da aka idar da magariba kowa ya watse, Laouali ya koma ƙofar majalisa inda aka ce ya zauna. Tsoho ya tsaya nafila kamar kullum. Takalmansa na inda yake ajiye su ko da yaushe, jingine da turken rumfa na dama. Saidou ya sunkuya, ya ɗauki takalman surukinsa, ya matsar da su taku ɗaya zuwa hagu. Sannan ya laɓe a bayan dabino kamar ɓarawo.

Akwai sauran haske, wanda yaro zai iya tsintar allura a ciki. Tsohon ya shafa addu'a ya miƙe, ya laluba turken da hannu, ya zura ƙafa. Ƙasa ya taka. Ya sake zurawa. Ya durƙusa yana shafa yashi da tafin hannu, gaba, baya, dama. Takalman na nan fari fat kusa da gwiwarsa, yana kallon wajen, bai gan su ba.

Saidou bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Ya fito, ya durƙusa, ya ajiye takalman a gaban ƙafafunsa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya ce, "Kai ka gusa su."

"Ni ne. A gafarce ni."

"To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya zauna a bakin daɓen, bai sa takalman ba. "Na'urar tana cikin tulun ruwana, wanda babu ruwa, naɗe cikin rawani."

"Baba, me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"In ce maka mi? Kai ka tsaya mini gaban Balarabe, ka ce surukinka namiji ne, ya yi kiwo cikin kuraye. In zo in ce maka haris ɗin da ka kawo ba ya ganin tahin hannunsa in rana ta faɗi? Kaji na mutuwa, ana zagin yanyawa, ni na san ni ne. Ina zaune ina jin kukansu, ban san inda zan jefa dutse ba." Ya goge baki. "Ran nan maigida ya ce in leƙa, don ya yi mini burga. Ɗana, na ga kowane ganye. Na ga idon yanyawa can bakin waya. Da ya yi tahiya na ce bari in ara, in tsare mishi kajinsa, in maida kahin ya dawo. Sai ya rigaye ni."

"Amma Laouali..."

"Na ji. Ina cikin ɗaki na ji ana zazzage mishi kaya. Na tashi zan hito, ƙahwata ta ƙi. Na ce in na hito, da wane ido yarinyar nan za ta dubi mijinta?" Bai faɗi sunan Aïchatou ba, 'yar fari ce. "Da ka zo ƙofa na ce to Alhamdu lillahi, zai shigo ya gani, a huta. Sai ka gaishe ni ka tahi."

Saidou na durƙushe, ido a ƙasa.

"Ɗago kai ka dube ni."

"Baba..."

"Na ce ka ɗago."

Ya ɗago. Tsohon ya rame fiye da yadda ya zata. A goshinsa akwai tabo biyu, ɗaya ya warke, ɗaya sabo, irin na wanda ya yi karo da ƙarfe. Idanunsa na buɗe, suna kallon gefen kunnen Saidou.

"Rabilu ya tambaye ni ciwon ga, na ce ƙofa ce. Laouali ya ba ni man shafawa. Kai kaɗai ba ka tambaya ba, don ba ka gani ba. Ban ga laihinka ba, ladabi ne. Tashi ka kama hannuna, kada isha'i ta riske yaron mutane."

Suka bi ta ɗakin gadi suka ɗauki ƙunshin. A ƙofar majalisa tsohon ya tsaya daga gefe, cikin duhu. Saidou ya shiga, ya ce Laouali ma ya shigo. Abu Nayif na zaune da gahawa, makulli da katin iƙama a kan tebur gabansa.

"Ba sayarwa aka yi ba," in ji Saidou. "Mai sayarwa da jakar zai ɗauka gaba ɗaya, da zobe da caja, don ba wanda zai sayi na'urar babu abin ɗaura ta. Wannan ya bar zobe ya ɗauki gilashin hannu, ke nan ba harbi yake so ba, gani yake so. Yana canza batiri kullum da asuba, ke nan yana cikin gonar, kuma yana shiga ɗakin nan. Laouali ba ya nan yau da asuba. Rabilu barci yake tun isha'i. Tun da aka ɗauke ta kuma kazarka ko ɗaya ba ta mutu ba, saboda wanda ya ɗauka da ita yake korar yanyawa da dutse. Mutum ne mai ciwon ido, ba ya gani da dare, ya ji tsoron a sani a kore shi."

Ya ajiye ƙunshin, ya warware rawanin. Abu Nayif ya ɗauki na'urar, ya jujjuya ta, ya ga ko ƙura babu a gilashin.

"Wane ne?"

"Yana waje, ya zo da ƙafarsa."

"Na ce wane ne. Da safe ka kira sunan wannan a gaban kowa, ka zubar masa da kaya. Yanzu ma suna nake so in ji, a gabansa."

Saidou bai taɓa furta sunan nan da bakinsa ba. Ya san tsohon na jin komai ta ƙofa. Ya san kuma Laouali na jira.

"Maulud," ya ce. "Maulud ne, mahaifin matata."

Tsohon ya shigo yana laluben bango, ya yi sallama. Abu Nayif ya dube shi, ya dubi tabon goshinsa, ya yi tsaki mai tsawo.

"La haula. Ya haris, da ka faɗa ai da an kai ka likita tun bara." Ya juya ga Saidou. "Babu shurɗa. Ran Lahadi a kai shi asibitin ido. Amma gadi ya ƙare, ba zan ba makaho ƙofata ba. In ya warke mu gani, in bai warke ba ya koma gida."

Sannan ya tura makulli da katin zuwa bakin tebur. "Laouali, ɗauki. Ka yafe."

Laouali ya ɗauka ya sa a aljihu. Ya je ya kama hannun tsohon, ya zaunar da shi a kan kujera, ya zuba masa ruwa. Bayan nan ya juyo ya tsaya a gaban Saidou, yana kallonsa.

Saidou ya so ya ce a yi haƙuri, maganar ta ƙi fita. Ya sunkuyar da kai. Takalman Laouali baƙaƙe ne, na fata, na hagun ya tsage a gefe an ɗinke da zaren buhu. Bai taɓa lura da su ba sai yau, kuma ya san zai daɗe yana kallonsu.